Goggo Mai Miskali

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Goggo, yayar mahaifinmu, ta riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta na cikin Zongo, da shekarun da ba wanda ya san iyakarsu, don ba ta taɓa yarda a ƙirga mata ba.

Na zauna makoki da yawa a Kwatano, amma ban taɓa ganin wanda mata suka zo shi da ado irin wannan ba. An kafa rumfa a ƙofar gida, an tare layi da kujeru, har 'yan zemijan, wato masu acaba, suna zagayawa ta baya suna mita. A cikin gida kuwa kowace mace ta shigo da sarƙarta da 'yan kunnenta da awarwaronta a fili, abin da ba a saba gani a gidan rasuwa ba. Ban gane ba sai da wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta matso ta raɗa mini.

"Yau ce rana ta farko da na shigo gidan nan ban tura sarƙata cikin riga ba," in ji ta. Sannan ta ɗaga murya, "Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta."

Na ce, "Amin."

"Mu ma mun huta," ta ƙara a hankali, tana gyara mayafi.

Wata mai sayar da atamfa a kasuwar Dantokpa ta yi kuka na gaske, har muryarta ta dishe. Ta ce tun tana budurwa ba ta taɓa sayen ko zobe ba sai Goggo ta ɗora shi a ma'auni, kuma ba a taɓa cutarta ba. Ta ce, "Baiwar Allah ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba." Wata daga can bayan randa ta amsa, "Haƙƙin zinariya dai." A waje Baffa, autansu Goggo, wanda shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, yana karɓar gaisuwar maza. Duk wanda ya ce masa an yi rashin uwa sai ya ce, "Haka ne," ya kalli ƙasa. Yaya kuma, yayata wadda Goggo ta riƙa tun daga yaye, tana ta kai da kawo da ruwa da tabarmi, ba ta zauna ba balle a yi mata gaisuwa.

Kafin sadakar uku har an fara gyara Goggo. Na ji wata tana cewa mai sanyin hali ce. Wata ta ce mai son yara ce. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na so a manta da ita, ba na kuma so a musanya mana ita da wata tsohuwa mai daɗin baki wadda ba mu taɓa sani ba.

Sana'arta awon zinariya. Ba ta ƙira, ba ta sayarwa; awo kawai da gwaji. A cikin wani tsohon gwangwanin shayi take ajiye kayan aikinta: ƙaramin ma'auni mai 'yan tasoshi biyu da ba su fi bakin kofi ba, duwatsun awo na tagulla, baƙin dutsen da take goga zinariya a kai ta duba launin da ta bari, da ƙullin ƙwayoyin idon zakara, jajaye masu baƙin kai. Ta gaje su daga kakanta, ɗaya daga cikin fataken goron da suka fara sauke kaya a wurin nan, kuma ba ta barin kowa ya manta da hakan.

Da miskali take awo. Miskali ɗaya giram huɗu ne da kwata, ko kusa da haka. Abin da bai kai rubu'in miskali ba sai ta cike da idon zakara, wanda tara ko goma ke yin giram guda. Masu dawowa daga Makka ko Dubai suna zuwa mata da lissafin tola, wadda ta ɗan haura giram sha ɗaya da rabi, wato miskali uku ba rubu'i. Masu shagunan Dantokpa kuwa tun tuni giram suke faɗa. Duk Goggo ta san su, tana juya wannan ya koma wancan a kanta ba tare da ta motsa leɓe ba. Amma bakinta bai taɓa furta giram a kan zinariya ba. Takan ce, "Giram awon gishiri ne da ƙwayar likita." A gidanta in an ce biyar, miskali biyar ake nufi, ba a ƙara komai a kai.

Ba a karɓar lefe a layinmu da layukan kusa sai an aiko mata. Za ta zo a makare, a shimfiɗa mata darduma a tsakiyar mata, ta buɗe gwangwaninta a hankali kamar ba ita ake jira ba. Kuma abin da ma'auni ya nuna, a gaban kowa take faɗinsa. An sha roƙonta ta riƙa jan uwar amarya gefe in akwai matsala. Sai ta ce, "A gaban jama'a aka kawo, a gaban jama'a za a ji."

Ko ba a kira ta aiki ba ba ta hutawa. Na tuna wani suna da aka yi a unguwar Gbégamey, wata Hajiya ta dawo daga aikin hajji da wasu manyan awarwaro, tana ɗaga hannu tana gaya wa kowa tola biyu ne. Goggo ta ce ta miƙo hannun su gaisa. Ta zare guda ta jinjina a tafinta, ta ƙwanƙwasa shi da farce kusa da kunnenta, ta mayar mata.

"Hura su aka yi," in ji ta. "Tola ɗaya ce da 'yan ƙwayoyi. Sauran iskar Makka ce. Kar ki damu, ita ma albarka ce."

Matar ba ta ci abincin sunan ba. Ba mu ƙara ganin awarwaron a hannunta ba.

Mu yara kuwa kunnenmu take kamawa. In kin zo gaishe ta za ta murɗe miki kunne ta kusanto da shi fuskarta don ta ga abin da uwarki ta sa miki. Ranar da aka kawo nawa lefen, ni da na riga Yaya aure, ta auna ta ce, "Biyu ne." Ta dube ni daga sama har ƙasa a washegarin ranar, da na je gaishe ta, ta ce, "Biyun ma ya yi ƙoƙari. Ya san abin da zai ɗauka."

Zan faɗi alherinta guda, don ya faru, kuma mun ci moriyarsa. Inna, mahaifiyarmu, 'yar Gaya ce ta Nijar, kuma har ta mutu Goggo ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai "baƙuwa". Lokacin da Baba ya rasu, wasu ƙannensa biyu, waɗanda su ma yanzu sun riga mu gidan gaskiya, suka zo rabon gado suka ce a fito da sarƙar da Inna ke sawa da Sallah, wai ta marigayi ce ya ba ta ajiya. Inna tana takaba, hawaye kawai take yi. Sai ga Goggo ta shigo ba wanda ya kira ta. Ta karɓi sarƙar, ko ma'auni ba ta ɗauko ba.

"Shida ce da rabi," in ji ta. "Ni na auna ta ranar da baƙuwar nan ta shigo gidan nan, a wuyanta ta zo da ita daga gidan ubanta. Ɗan'uwanku a lokacin ko agogo ba shi da shi. Ku tashi ku ba ni wuri, marasa kunya, gawarsa ko sanyi ba ta yi ba."

Suka fita sum-sum. Inna ta durƙusa za ta yi godiya, Goggo ta jefa mata sarƙar a cinya.

"Ba don ke na yi ba. Ba a yi wa abin da na auna ƙarya."

Goggo ta yi aure har sau uku, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma duk mazan ita ta fita ta bar su. Baba ne ya ba ta Yaya riƙo. Ba zan ce ta bar ta da yunwa ko tsumma ba. Yaya ta fi mu sutura, ta fi mu cin nama. Ita ke ɗaukar gwangwanin, ita ke zama a bayan Goggo wurin awo. Abin da mutanen waje ba su sani ba shi ne, tun Yaya tana budurwa yanar ido ta fara rufe wa Goggo gani. Hannunta na nan daram, yana gane nauyi, yana gane mai kyau da jabu, amma ɗan siririn harshen ma'aunin nan da ke nuna tasoshi sun daidaita ya daina ganuwa gare ta. Sai suka yi dabara. Yaya na zaune a bayanta kamar mai yi mata fifita, in awo ya daidaita sai ta danna mata yatsa a baya, Goggo ta faɗi lamba da ƙarfi. Shekaru suna haka ba wanda ya gane.

Masu son Yaya sun zo, don kyakkyawa ce, doguwa, mai wushirya. Kowanne Goggo ta samo masa aibi tun daga zaure. Har Yaya ta kusa talatin, sannan wani direban babbar mota, mutumin garin Jugu da ke can arewa, mai ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Nijar, ya dage. Mutum ne mai yawan dariya. In ya dawo daga arewa yakan sauke mana buhun albasa a ƙofar gida, ya kawo wa Yaya kilishi a naɗe cikin takarda. Da ya ga Goggo ba ta amsa gaisuwarsa sai ya bi ta wurin Baffa, Baffa ya karɓa, ya sa rana. A watannin nan na ga Yaya tana waƙa wurin wanki, abin da ban taɓa ji ba.

Ranar kawo lefe, bayan la'asar, tsakar gidan Goggo ta cika. Yaya tana can gidan Inna kamar yadda amare ke ɓuya. Babbar yayar direban ce ta jagoranci masu kawo kaya, mace mai fara'a, wadda ta zo takanas daga Jugu, ba ta san wace ce Goggo ba. Aka buɗe akwatuna, aka ɗaga atamfofi da leshi ɗaya bayan ɗaya, ana guɗa. Daga ƙarshe ta fito da ɗan akwatin zinariya, sarƙa da 'yan kunne, ta ɗaga shi sama.

"Ga na wuya da na kunne," in ji ta. "Ashirin ne cif. Shi da kansa ya tsaya aka auna a Dantokpa."

Goggo ta miƙa hannu ta karɓa. "Nawa kika ce, 'yar nan?"

"Ashirin, Hajiya."

"Ɗaga murya, na bayan can ba su ji ba."

Matar ta yi dariya, ta ce, "Ashirin!"

Goggo ta goga sarƙar a baƙin dutse, ta kusanto da shi idonta, ba ta ce komai ba. Ta zuba sarƙar da 'yan kunnen a tasa guda, ta lalubo dutsen awo ta sa a ɗayar, ta ɗaga ma'aunin sama yadda kowa zai gani. Gefen dutsen ya rinjaya.

"Wannan dutsen biyar ne," in ji Goggo. "Ku duba da idonku. Biyar ma bai cika ba."

Gidan ya ɗauki salati. Wata ta ce, "Ashirin ta koma huɗu!" Wata ta tafa hannu. Yayar direban ta dubi wannan ta dubi waccan.

"Wallahi haka ya ce mini, Hajiya. Ashirin ya ce."

"Ban ce kin yi ƙarya ba, 'yar nan," in ji Goggo da murya mai laushi, wadda ta fi faɗanta ciwo. "Ke aiko ki aka yi." Ta ture akwatin da bayan hannu. "Tun ba a ba shi yarinyar ba ke nan. Ina ga an ba shi?"

Matan da suka rako yayar direban suka harzuƙa, namu suka mayar, aka yi ta jifa da magana har aka taɓo iyaye. Kafin magariba sun rufe akwatunansu, sun tare zemijan sun ɗora, yara na bin su da ihu. Akwai mata biyu ko uku a wurin, masu sayen zinariya a shago, waɗanda tabbas sun gane abin da ya faru. Ba wadda ta yi tari. Ni kuwa, da sauran, lamba ɗaya muka sani a gidan nan, muka ɗauka mutumin ya ninka abinsa sau huɗu ne.

Ni na kai wa Yaya labari. Tana zaune a bakin gadon Inna da lalle a ƙafa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ashirin me?"

"Ashirin dai."

"A ina aka auna?"

"A Dantokpa."

Na ga yatsunta suna motsi a kan gwiwarta, tana lissafi. Sannan ta ce, "Giram ne. Giram ashirin miskali biyar ne ba kaɗan. Bai yi ƙarya ba." Ta ɗago ta dube ni. "Ita ma ta sani. Tun kafin ta ɗora ta sani."

Gaskiyar ta fito cikin kwana biyu, amma ba wanda ya so ta, don ƙaryar ta fi daɗin faɗi. Inna, wadda ba ta taɓa ɗaga wa Goggo murya ba, ta yafa mayafi ta je, na bi ta.

"Goggon yara, kin san giram yake nufi."

"Ni ban san giram ba. Gidana aka shigo, da awon gidana na auna."

"Kin kashe wa yarinyar nan aure."

"Na faɗi ƙarya ne? Ki nuna mini kalma ɗaya da na faɗa wadda ba haka ba." Ta juya fuskarta wajen Inna. "Ke baƙuwa, sarƙar da kike taƙama da ita da Sallah, wa ya bar miki ita? Ranar nan gaskiyata ta yi miki daɗi. Yau ce ta yi ɗaci?"

Inna ta fito tana kuka. Baffa ma ya gwada, ta kore shi da cewa ita ta goya shi.

Yaya ta yi abin da ba a san 'yar Zongo da shi ba a lokacin. Ta hau zemijan ita kaɗai ta je inda manyan motoci ke jiran lodi a bakin tashar jiragen ruwa, ta nemi direban a cikin maza. Ta gaya mini daga baya cewa ta tarar da shi zaune a inuwar motarsa, bai tashi ba. Ya ce ya san ba laifinta ba ne. Ya ce amma yayarsa ta koma Jugu ta kwanta ciwo, mahaifiyarsa kuma ta rantse in ya ƙara taka gidan nan ba ita ba shi. Suna cikin maganar wani abokin aikinsa ya wuce ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ashirin, ya aiki?" Sunan ya riga ya bi shi. A masallaci, a wurin mai shayi, a bakin yara, ya zama Ashirin. Kafin shekara ta zagayo ya kwashe kayansa ya koma garin Paraku. Mun ji ya yi aure a can, yanzu har da jikoki.

Yaya ta wanke lallen ƙafarta ta koma gidan Goggo. Na ce ta zauna wurin Inna, ta ce, "In na bar ta wa zai dafa mata? Ita ta raine ni." Ranar Juma'ar da ta biyo baya aka aiko kiran Goggo wani lefe a layin baya. Yaya ta ɗauki gwangwanin, ta zauna a bayanta da mafici, a gaban matan da suka yi mata dariya, ta danna yatsa lokacin da awo ya daidaita.

Bayan haka an sami mutum biyu ko uku da suka nuna suna so, har da wani mai shagon taya da matarsa ta rasu. Amma wa zai kawo lefe gidan? Ɗaya ya ce zai yi in an yarda ba za a auna ba. Goggo ta aika masa cewa wanda ke tsoron ma'auni ya san abin da ke cikin akwatinsa. Daga nan aka daina zuwa.

Shekaru suka tafi. Inna ta rasu. Idon Goggo ya rufe gaba ɗaya, asirin yatsa ya fito, amma mata ba su daina zuwa ba, don hannunta bai tsufa ba. Sai ƙananan sikelin lantarki suka cika gari, kowace 'yar kasuwa da nata a jaka, yara masu tasowa ba su ma san mene ne miskali ba sai in malam ya zo kan zakkar zinariya. Aka rage kiran Goggo, har aka daina. Bakinta kuwa bai ragu ba, sai ya zama mutum ɗaya ce ta rage masa. Kunu ya yi ruwa. Ruwan wanka ya yi zafi. Tafiyar Yaya ta yi ƙarfi kamar ta jaki. Yaya ta koma sayar da ƙanƙara da bisap, wato zoɓo, a ƙofar gida don su ci, gashinta ya yi fari, wushiryar nan haƙori ɗaya ya fita daga gefenta.

Sau ɗaya na ji Yaya ta tambayi Goggo. Ina nan, na kawo musu kifi daga unguwar Placodji, Yaya tana yanke wa Goggo farce a tsakar gida da rana. Ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Goggo, zinariyar nan ta ranar nan, da kika goga a dutse, mai kyau ce?"

Goggo ba ta tambayi wace rana ba.

"Mai kyau ce. Ba a kawo wadda ta fi ta a layin nan a shekarar ba."

"To, me ya sa?"

"Da kin tafi Jugu, wa zai duba mini harshen ma'auni? In zauna mata su gane na makance, su yi mini dariya? Ni?" Ta miƙa ɗaya hannun. "Kin bar na ɗan yatsa. Yanke da kyau."

Yaya ta yanke da kyau.

A watanninta na ƙarshe hankalin Goggo ya fara gushewa. Tana kiran matattu, tana faɗa da kakanta a kan goro. Yaya ke ɗaga ta, ke wanke ta, ke canza mata zane sau nawa a rana. Sati guda kafin rasuwar na je da safe na tarar tana ba ta kunu a cokali. Goggo ta kama hannun da ke riƙe da cokalin, ta shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta shafa wuyan hannun da ba komai a kansa.

"Wace ce wannan?"

"Ni ce, Goggo."

"Ke ce har yanzu a gidan nan?" Ta yamutsa fuska. "Ba ki yi aure ba? Duk sa'o'inki sun aurar da 'ya'yansu. Wai ke me ke damunki ne da ba wanda ya ɗauke ki?"

Na tashi zan yi magana, Yaya ta ɗaga mini hannu. Ta yi wata dariya gajeriya wadda ba na fatan in ƙara ji. Ta goge wa Goggo baki da gefen zane, ta ɗebo wani cokalin ta hura.

"Buɗe baki, Goggo. Zai huce."

A hannun Yaya Goggo ta cika. Ita ta rufe mata ido, ita ta yi mata wanka, ita ta sa ta a likkafani. Matan da suka taya ta sun ce ba su taɓa ganin wanka mai tsafta da natsuwa irin wannan ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan malamai sun tashi, an raba waina, Baffa ya shigo cikin gida da sandarsa. Ya sa aka kira Yaya ɗakin Goggo, ya ce ni ma in zauna. Ya daɗe yana murza hularsa.

"'Yata," in ji shi, "kowa ya san abin da ke tsakaninku. Ni ma da na sa ranar ban iya tsaya miki ba. Yanzu tana inda ba ta da kowa sai Allah. Malam ya ce haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya sauke. Ki ce kin yafe mata, in ji da kunnena, in samu in yi barci."

Yaya tana naɗe tabarmar da Goggo ke kwanciya a kai. Ta gama naɗewa, ta ɗaure da igiya, ta jingina a bango.

"Baffa, na ciyar da ita, na wanke ta da rai, na wanke ta ba rai. Duk abin da aka ce 'ya ta yi wa uwa na yi, ban rage ba."

"Haka ne. Saura kalma ɗaya."

"Ita ce ta koya mini kar in faɗi abin da ba haka yake ba," in ji Yaya. "In na ce na yafe yau, ƙarya na yi. Ku ba ni lokaci."

"Har yaushe, 'yata?"

"Ban sani ba, Baffa. Wanda nake da shi duk ta cinye."

Ta ɗauki tsintsiya ta fara share ɗakin daga lungu, sai da muka ɗaga ƙafafunmu.

Ni dai na roƙa mata, ina kuma roƙa: Allah ya jiƙan Goggo, ya yi mata sassaucin da ba ta yi wa kowa ba. Wanda ya karanta ya ce amin, don a gidanmu har yanzu akwai bakin da bai faɗa ba.